Mai Daddawa da Ruwan Bakin Iyaka

Tunda ka ce sai ana gobe tafiya za ka leƙa asibiti, to zauna, ɗan'uwa, ka ji wannan.

Wata mata ce mai sana'ar daddawa, 'yarta ɗaya tak a duniya, aure ya kai ta wata ƙasa can bakin teku. Yarinyar ta samu cikin fari. Bisa al'ada gida ya kamata ta dawo goyon ciki, amma hanya ta yi nisa, sai aka shirya uwar ce za ta je ta yi mata wankan jego. Ba abin da matar nan ke so a ranta kamar wannan: ta ɗora tukunya, ta tafasa ruwa, ta kama ganyen darbejiya ta yi wa 'yarta wanka da hannunta, yadda ita ma uwarta ta yi mata. Tun ciki bai tsufa ba ta shiga hidima. Ta daka yaji, ta nemo kanwar kunu, ta shanya kuka da kuɓewa, ta yi daddawa ta musamman wadda ko ka zo da kuɗi a hannu ba za ta sayar maka ba. Ana haka surukinta ya bugo waya, ya ce damina ta yi ɓarna a wajensu, ambaliya ta shiga rijiyoyi, ana ta amai da gudawa, don Allah Inna ta je a ba ta rigakafin kwalara tun da wuri. Ta ce to. Ka dai san irin "to" ɗinmu! Yau kasuwa, gobe tela bai gama ɗinki ba, jibi sallama da dangi, kowa sai an taka har gidansa kada ya ce an raina shi. Sai da ya rage gobe mota za ta tashi sannan ta faɗa asibiti a gurguje. Malamar asibiti ta ba ta maganin ta sha, don ba allura ba ce, sannan ta ce, "Inna, kin makara. Wannan sau biyu ake sha, da tazara a tsakani, kuma sai ya ɗauki kwanaki a jiki kafin ya fara tsaro. Ke da kike daddawa, ranar da kika rufe ta kike sa ta a miya? Ki kiyaye abin da za ki sha a hanya, ko tafasasshe ko na roba a rufe, ki riƙa wanke hannu da sabulu." Kunne ya ji, amma zuciya na can wajen ɗaurin kaya. Ta fito tana ganin ai ta sha, magana ta ƙare.

Suna hanya labari ya iske ta an sauka lafiya, namiji. Murna kamar ta sauka ta tura motar. A wani gari na bakin iyaka suka tarar ruwa ya cinye gada, aka jibge su a rana ana jira, ruwan da ta riƙo ya ƙare ƙaf. Can wata mata 'yar zangon Hausawan garin ta jiyo Hausa a bakinsu, zumunci ya motsa, ta shiga gida ta ɗebo ruwa a randa, ta zo har ƙasa ta durƙusa ta miƙa wa tsohuwa. Abokiyar zamanta a mota ta zungure ta. Tsohuwa ta ce, "Ai na sha rigakafi. Kuma 'yar mutane ta durƙusa mini da ruwa in mayar mata? Ban iya wannan rashin kunyar ba." Ta kafa kai ta shanye, ta sa albarka. Ruwa garau, ga sanyi. Wadda ta kawo ba ta nufe ta da komai ba sai alheri, shi take ba 'ya'yanta. Ita wannan cuta ba ta da launi, ba ta da wari, ba ruwanta da kyakkyawar niyya.

Kafin su shiga birnin da 'yarta take ciki ya ɓare. Gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa, amai ba ƙaƙƙautawa, idanu suka zurma, ƙafafu na ƙullewa, murya ta shige. Surukin da ya zo tarbarta tasha ko gida bai bi da ita ba, kai tsaye sai rumfar masu kwalara. Aka sa mata ƙarin ruwa, ana ɗura mata ruwan gishiri da sukari, Allah ya yi da sauran kwana. Amma tana kwance aka yi suna, tana kwance maƙwabta suka riƙa yi wa mai jego wanka, kowa da yadda ya iya. Da aka sallame ta, ko buta ba ta iya ɗagawa, aka ɗora mata jikan a cinya wani na tallafe da shi. Washegari da safe sai ga 'yarta, da ɗanyen jikinta, ta tafasa ruwa, ta kama ta ta zaunar a kujera 'yar tsugunno, ta shiga cuɗa mata baya. Tsohuwa ta sunkuyar da kai tana kuka wiwi, baƙin ciki kamar ya kashe ta. Wadda ta ƙetare ƙasashe don ta yi wanka, ita ake yi wa.

Ba ƙauna ta rasa ba, ba kuma ƙoƙari ba, lokaci ta bari ya wuce. Kai ma tashi ka je yau, tun da sauran kwanaki a gabanka, kuma ko ka sha, ka san ruwan da za ka kai baki. Magabata ba su yi ƙarya ba: ba a fafe gora ranar tafiya.