Sauran labarin yana Kwanni

Shekarar da aka rufe iyaka, Baba ya daina zuwa Kwanni saro gwanjo. A zaure yake wuni, yana kallon hanya.

Wata la'asar na kai masa ɗan littafin zane da ya taɓa sayo mini a can. Na Faransanci ne, kuma har lokacin yana warin dilar gwanjon da aka cuso shi ciki. Hotunan kawai nake bi, labarin wani jarumi mai jan mayafi da ke tashi sama. A shafin ƙarshe an ɗaure shi da sarƙa cikin rijiya, ruwa ya kai masa wuya.

Na ce, "Baba, mi anka rubuta nan ƙasa?"

Faransancin kasuwa kawai ya iya. Ya daɗe yana bin haruffan da yatsa.

"Sun ce sauran labarin na cikin littahi na gaba."

"Ina za mu samo shi?"

"Kwanni."

"To mu tai mana, ai ba nisa."

Ya sake duban hoton, ya ce, "Wanga da ka tashi sama ma an ɗaure shi, balle ni."

Na ƙyalƙyale da dariya, na ɗauka wasa yake. Shi bai yi ba. Ya rufe littafin, ya miƙo mini, ya mayar da idonsa kan hanya.

Yau na girmi Baban wannan ranar. Ina tara irin waɗannan tsofaffin littattafai duk inda na gan su, amma har yanzu ina jin kunyar dariyar nan.