Kafin Kunun Safe

"Alhaji, dakata, kada ka sha kunun nan sai na auna ka," ta ce, kamar kullum tun da ciwon suga ya kama mijinta. Takan auna shi kafin ya karya, ta sake bayan abinci ya faɗa masa.

Sai da ta juyo da na'urar ta tuna jiya aka kai shi maƙabartar Tarauni.

Ta riga ta sa tsinken gwajin. Gudun asara, ta soki nata yatsan, karo na farko.

Lambar da ta fito ta wuce duk wadda ta taɓa yi masa faɗa a kanta. Ta zauna tana kallon kunun, babu mai ce mata ta dakata.