Daƙiƙa Tara na Malam Jatau

A zamanin nan kowane ma'aikaci yana da madadi, mutumin da ake loda wa aikinsa da tunaninsa kullum. Idan munduwar lantarki da ke hannun ma'aikaci ta daina jin bugun zuciyarsa na daƙiƙa bakwai, nan take na'ura za ta miƙa wa madadin komai, har suna da gida.

Zuciyar Malam Jatau, mai kula da madatsar ruwan garin, ta tsaya daƙiƙa tara a asibiti kafin likitoci su farfaɗo da shi. Ranar da aka sallame shi, ƙofar gidansa ta ƙi buɗe masa. Ta taga Jatau ya hango wani mutum, wato madadinsa, yana cin tuwo da 'ya'yan gidan, autar tana kiransa Baba.

Ya nufi ofishin rajista, ya sami wata ma'aikaciya mai suna Hansatu.

"'Yar nan, ga ni da raina. A mayar mini da sunana."

"Baba, ka yi haƙuri. Jatau biyu ba sa aiki lokaci guda. Yanzu kai ne madadinsa."

"Har yaushe?"

Ta sunkuyar da kai. "Sai ranar da tasa zuciyar ta tsaya."

Aka kai shi ɗakin jira, inda wasu irinsa ke zaune a kan benci. Bayan sallar la'asar ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai ya ji abin da bakinsa ke shirin roƙa: zuciyar wancan mutumin ta tsaya. Ya sauke hannayen da sauri, ya daɗe yana kallonsu. Can kuma, a hankali, ya sake ɗaga su.