Amsoshin Tsinke

Sifili na biyu ke nan Malama ta zana wa yarinyar da jan biro, sai ta ajiye biron ta zuba wa takardar ido.

Labarin da ke littafin 'yan aji uku ba wani mai wuya ba ne. Makiyayi ne ɗan maraƙinsa ya ɓata, ya bi sawu har ya gano shi. A ƙasa akwai tambayoyi, sai kalmomin da za a faɗi ma'anarsu. Kalmomin nan yarinyar ta cinye su tas, garke, sawu, ƙaho, ko ɗaya ba ta kuskure ba. Amma da aka ce wa ya ɓata a labarin, sai ta rubuta: wani mutum da man fitilarsa ke ƙarewa, kuma gida da nisa.

Babu fitila a labarin. Ko ashana babu.

Tsinke yara ke kiranta, don siranta. Ba daƙiƙiya ba ce, wannan ko makaho ya shafa ya ji. Ita ke fara isowa makaranta, ita ke tafiya ƙarshe, kullum muryarta a shaƙe kamar mai talla. Allon bakin titi kuwa daga nesa take karanta shi, kafin babba ya gama ƙifta ido. To me ya hana ta fahimtar ɗan labari mai shafi guda?

Malama sabuwar zuwa ce, ba ta san iyayen kowa ba. Abin da ta sani shi ne shugaban makaranta ya ce duk wanda ya faɗi jarrabawar fahimta zai maimaita aji. Ta kira yarinyar gefe.

"Ke Tsinke, a gidan uban wa kika ga fitila?"

"Baba ne ya karanta mini."

Da la'asar Malama ta riƙo hannun ɗanta ta bi ta gida.

Ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfa. Uwar ta rasu bara. Uban na zaune a tabarma, dogo, mai ladabi, baƙin mai ya cika masa ƙarƙashin farce. Makullai na rataye a ƙusa bayansa. Ya yi maraba, ya miƙa hannu zai ɗauko mata kofin ruwa, hannun ya wuce kofin, sai da yarinyar ta tura masa shi cikin tafi.

Malama ta ba shi littafin ta ce ya karanta yadda ya saba.

Ya buɗe, ya ɗora yatsa, ya fara. Muryarsa daɗi, babu in'ina. Mai fitila na tafiya, mai na ƙarewa, 'yarsa na riƙe da hannunsa. Yatsan na bin layi a hankali. Shafin da ya buɗe kuwa na lissafi ne da yarinyar ta soka a tsakiya.

Tsinke ta sunkuyar da kai. Ashe ta sani. Ta gwammace ta sha sifili da ta nuna wa ubanta cewa abin da ya karanta ba ya cikin littafi.

Mutumin ya gane an gano shi. Ya rufe littafin.

"Malama, hazo nake gani. Ya fi shekara. Don girman Allah ki rufa mini asiri, in aka ji a wajen aiki, mun shiga uku ni da marainiyar nan."

Tausayi mugun abu ne, yana sa baki ya riga hankali. Malama ta rantse masa ba mai ji daga gare ta. Ba ta tambayi wane aiki ba, don mai kunya ba ya tonon silili a gidan mutane.

Sai ta kawo shawara. Da yamma tana da girki da wanki, amma da sassafe tana da sarari. Yarinyar ta riƙa zuwa gidanta su yi karatu, in sun gama su yanke ta lungu su tafi makaranta tare.

"A'a!" in ji Tsinke, ta miƙe zumbur. "Da safe ba zan iya ba. Baba, gaya mata..."

"Rufe mini baki," in ji shi.

"In ba haka ba sai ta maimaita aji," Malama ta ce, "kuma wallahi yarinyar nan ba ta cancanci haka ba."

Uban ya ajiye littafin gefe. Sannan ya ce, "Za ta zo. Ba zan hana ta ci gaba ba. Ni na san hanyata, Allah na nan."

Washegari ta zo, ido jawur. Malama ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Da ma ita ke kai ɗanta da kanta kullum, amma yau tunda akwai karatu, sai ta ɗaura masa jakarsa, ta haɗa shi da 'ya'yan maƙwabta su je bakin titi su shiga motar makaranta. Yana tafe yana tsalle, bai taɓa hawa ba.

"To bismilla. Wa ya ɓata a labarin?"

Yarinyar ba ta kalli littafin ba. Kunnenta na waje. Can aka ji hon, aka ji hayaniyar yara suna rige-rigen kujera, aka ji ƙofa ta rufu. Motar ta tashi, ta nufi gangaren da ke haɗuwa da babban titi.

Leɓen Tsinke na motsi, a hankali, kamar mai addu'a. Malama ta matsa kusa ta ji tana cewa hagu, hagu kaɗan, rage gudu.

"Ke, da wa kike?"

Yarinyar ta ɗago, hawaye na bin haɓarta.

"Malama, yau wa zai zauna a gaba ya gaya wa Baba inda zai taka birki?"