Mahaucin da Ke Gaisuwa da Ƙafa a Kan Birki

Tunda ka sayi motar nan mai kuloci biyu, zauna ka ji wannan kafin ka tayar da ita.

An yi wani mahauci da Allah ya buɗa masa, ya sayi irinta. Mota ce da ba a taka mata kuloci, birki ne da totur kawai a ƙasa. Kulocin suna can ciki su biyu, kamar mata biyu masu daka a turmi ɗaya: taɓaryar wannan na sauka, ta waccan na sama tana jira. In ka danne birki sosai, sai ta saki ta huta. In ka ba ta wuta, sai ta kama sosai ta tafi. Abin da ba ta so shi ne a hana ta tsayawa, a kuma hana ta tafiya. A nan ne faifan kuloci yake ta goga, bai kama ba bai saki ba, yana zafi yana cinyewa. Wanda ya sayar masa ya faɗa masa haka. Ya ce ya ji.

To, gidan mahaucin yana can ƙarshen layi a kan tudu, layin kuwa cike yake da majalisa. Ga dattawa a kan tabarma a ƙofar masallaci, ga masu dara a gindin dalbejiya, ga teburin mai shayi. A da, da yake tafiya a ƙasa, kowace majalisa sai ya tsaya ya tuɓe takalmi an gaisa. Da mota ta zo, sai tsoro ya kama shi kada a ce dukiya ta sa masa girman kai. Ya wuce su, ba zai iya ba. Ya tsaya ya sauka kuwa, yana ganin ɓata lokaci ne, ga nama na jira a mahauta. Sai ya samo dabara: ya sauke gilashi, ya ɗora ƙafa a kan birki kaɗan-kaɗan, motar na rarrafe kamar kunkuru, shi kuwa ya leƙo da kai yana ina kwana, ina gajiya, ya iyali. A cikin dattawan akwai wani tsoho da kunnensa ya yi nauyi, sai an maimaita masa gaisuwa kafin ya amsa, in ya amsa kuma sai ya tambayi lafiyar kowa a gidanka har awaki. Duk wannan ana yi motar na jan ciki, ko tana gangarowa ko tana hawan tudu. Safe haka, yamma haka. Shi a ransa har yana ganin tausaya mata yake yi, tunda ba ya gudu da ita.

Ba a yi nisa ba ta fara karkarwa in za ta tashi. Masu dara suka fara tsokana, wai a kai ta asibiti, zazzaɓi ne. Ya yi dariya ya wuce. Daga baya wani ƙauri ya fara tasowa daga ƙarƙashinta, kamar an manta da tukunya a kan wuta. Ya ce ai sabon abu haka yake. Ran nan da la'asar, a tsakiyar tudu, daidai tabarmar dattawa, wata fitila ta kama a gaban sitiyari, motar ta ƙi gaba. Ya taka totur, injin ya yi kuka, taya ba ta motsa ba. Ba yadda zai yi, ya ja birkin hannu, ya kashe ta, ya sauko. Ya tuɓe takalmi ya zauna a gefen tabarma yana jira ta huce. Tsohon nan ya daɗe yana kallon ƙafafun mahaucin, sannan ya ce, “Ashe suna nan. Mu mun ɗauka da su ka biya kuɗin motar.” Aka yi dariya, shi ma ya yi. Aka miƙo masa goro. A zaman nan ya ji abubuwan da ba a faɗa wa mai leƙowa ta taga: wane ya kwanta ciwo, wane ya aurar da 'ya, wance ta rasu tun da damina. Shi da yake gaishe su safe da yamma bai san ko ɗaya ba.

Da bakanike ya buɗe cikinta, sai ga kulocin da ke ɗaukar mota daga tsaye ya cinye kamar ƙasan tsohon silifa, ɗan'uwansa kuwa kamar jiya aka saka. Aka canja, mota ta tashi. Daga ranar ya raba abin gida biyu. In yana sauri, ya ɗaga hannu ya wuce, wucewa ta gaske. In yana da sarari, ya gyara mata tsayuwa a gefen hanya, ya kashe ta, ya sauko ya zauna har a gama tambayar awaki. Ba wanda ya taɓa ce masa mai girman kai. Motar kuwa ta tsufa a hannunsa, fenti ya koɗe, kujeru suka yage, amma tana hawan tudun nan ba gardama.

Taura biyu ba ta taunuwa.