Manomin Albasa da Turancin Ƙarshen Littafi

Tunda ka ce kai manyan kalmomin Turanci kake so, ba ka da lokacin ƙananan littattafai, gyara zama in ba ka labarin wani manomin albasa.

Mutumin nan shi ne shugaban manoman rani na garinsu, kuma ba a banza aka ba shi ba. Ya san fadamarsu kamar yunwar cikinsa. In ya damƙi ƙasa ya murza a hannu, zai faɗa maka ko mai riƙe ruwa ce ko mai shanyewa. Da furfurarsa ya shiga ajin manya na yamma don ya koyi Turanci, ya kuma fara da kyau, yana karatu yana bi da yatsa. Sai haƙuri ya ƙare masa. Ya gano a ƙarshen littafin an tara zantuka masu nauyi, irin waɗanda manya ke yi a taro in za a yanke shawara: yadda ake cewa an duba magana ta kowace fuska, yadda ake cewa baki ya zo ɗaya, yadda ake cewa bakin alƙalami ya bushe. Ya tsallake tsakiyar littafin kaf, ya haddace waɗannan. Malaminsa ya ce ya koma baya ya bi a hankali, ai kalma a cikin zance ake saninta. Ya ce shi ba yaro ba ne da zai zauna karanta labarin kare da akuya. Allah kuwa ya ba shi murya da kai, in ya fara zuba su sai ka rantse a Ingila aka yanke masa cibiya.

Ana nan sai wata ƙungiya ta zo za ta gina wa garin ƙaramar madatsar ruwa, wadda noman rani na kowa zai dogara a kanta. Wuri biyu ake magana. Ɗaya a bakin titi, inda motocin aiki za su shiga ba wahala, ɗaya can ƙasa wajen kukoki. Manomin ya san amsar tun kafin a tambaya. Na bakin titi ɓawon laka ne kawai a sama, ƙarƙashinsa rairayi ne zalla, a nan rijiyar kakansa ta rufta. Baƙin sun zo da injiniya, wata mace wadda ba ta jin Hausa, sun kuma zo da tafinta. Aka shimfiɗa tabarmi, gari ya taru, aka ce shugaba ya yi maraba da baƙi. Tafinta ya matso kusa da shi, sai ya ɗaga masa hannu ya ce, "Huta, malam, yau ba sai da kai ba."

Ya miƙe ya zuba Turancinsa, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Mutanen gari ba su ji komai ba, amma suka yi ta tafi, kowa na jin shugabansu ya fitar da su kunya. Injiniyar ta yi murna ta samu wanda za ta yi magana da shi kai tsaye, ta saki baki tana bayani da sauri, tana nuna gabas tana nuna yamma. Shi kuwa cikin kalma biyar da ƙyar yake kama ɗaya. Ya ji titi, ya ji ruwa, ya ji ta ɗaga murya alamar tambaya ta yi shiru tana kallonsa. Zuciyarsa ta ce masa ya juya ya tambayi tafinta, ga shi nan zaune, hannu zai iya kaiwa gare shi. Amma tafin nan bai gama fita daga kunnensa ba, ga surukinsa a sahun gaba, ga waɗanda suka yi takarar shugabancin da shi. Wanda ya ce wa tafinta huta a gaban jama'a, da wane baki zai ce masa tashi? Ya laluba cikinsa, ya ɗauko mafi nauyin abin da ya haddace, ya ce sun duba maganar ta kowace fuska, bakinsu ya zo ɗaya, ba ja da baya. Ashe tambayar da ta yi ita ce ko akwai mai ja a kan wurin bakin titi.

Aka gina madatsa a bakin titi. Damina ta cika ta taf, yara suka yi ta wanka. Sanyi na shigowa ruwa ya fara ja, ba a kai ga dashen albasa ba sai taɓo ya rage. Irin albasar da aka yi rainonsa ya bushe a kwamin lambu, nasa da na kowa, matasa suka ɗaure kaya suka tafi cin rani. Da injiniyar ta dawo duba abin da ya faru, shi da kansa ya je ya riƙo hannun tafinta. Ya tsaya a bakin busasshen ramin ya yi bayani da Hausa, daga ɓawon laka har rijiyar kakansa, bayanin da ya fi na kowane littafi. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce tafinta ya tambaye shi, "Baba, duk wannan ka sani, me ya hana ka faɗa ranar?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon rairayin.

Don haka koma ka ɗauki littafinka tun daga shafin farko. Kalmar da ka bi ta a cikin karatu har ta zama taka, ita za ta tsaya maka ranar da aka juyo da tambaya. Hausawa sun gama magana da suka ce zanen aro ba ya rufe katara.