Baƙo a Cikin Kwamfutarsa

Tunda ka ce sabon tsarin kwamfutarka ya ishe ka, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani malamin makaranta, mutumin kirki, sai dai yana da taurin kai irin na wanda ya daɗe da iya abu. Kwamfutarsa ta tsufa, ta koma tafiyar hawainiya, sai wani abokin aikinsa ya cire mata tsohon tsarin ya ɗora mata Linux, wanda kowa ke ɗauka kyauta kuma kowa ke iya buɗe cikinsa ya gyara. Kwamfuta ta farfaɗo. Abokin ya tafi garinsu hutu, ya bar malam da na'urar da ya san jikinta amma bai san halinta ba.

Ana nan sai ga gwaggonsa, yayar mahaifinsa, ta zo daga ƙauye mai nisa a duba mata ido a asibiti. Ita kaɗai ta rage a danginsu da ta riƙe waƙoƙin daɓe, waɗanda mata ke rerawa suna bugun ƙasan sabon ɗaki kafin siminti ya zo ya kashe al'adar. A cikin waƙoƙin nan akwai sunayen kakanninsu da garuruwan da suka baro. Malam ya daɗe yana burin ɗaukar muryarta. Ya gwada da 'yar wayarsa, sai shuu kake ji, domin muryar tsohuwa ta yi siriri. Sai ya aro makirufo mai kyau wanda ake jonawa da kwamfuta. Abu ɗaya ya rage masa, manhajar ɗaukar murya.

To, a tsohon tsarin malam gwani ne. Shiga intanet zai yi, ya nemo shafi, ya sauke abin da yake so, ya danna, ya ƙara dannawa, shi ke nan. Haka ya yi a nan ma. Abin ya sauka lafiya lau, amma ya ƙi buɗewa. Ya nemo wani a wani shafin, wannan ya ce ba zai zauna ba sai an kawo masa wani ɗan'uwansa. Malam ya nemo ɗan'uwan, shi ma ya ce yana da nasa 'yan'uwan, kamar ka gayyaci mutum ɗaya tuwo ya ce sai da mutanen gidansu. Daga nan ya faɗa kwafo umarni daga shafukan mutanen da bai sani ba, yana liƙawa a baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta magana. Bai san ma'anar ko ɗaya ba. Wani umarnin na tsohon yayi ne, wani kuma na wani tsarin ne dabam, shi dai zubawa yake yi yana fatan dacewa. Ya so ya kira abokinsa, sai ya tuna yadda ya bugi ƙirji a gabansa cewa babu kwamfutar da za ta gagare shi, ya mayar da waya aljihu.

Ita kuwa gwaggo kullum da hantsi sai ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na fita unguwa, ta zauna a kan tabarma a bakin ƙofarsa. Takan ce, "Mai sunan Baba, na shirya." Shi kuma ko ɗagowa ba ya yi, sai ya ce, "Gwaggo, saura ƙiris." Wani lokacin ta fara rerawa ƙasa-ƙasa don kada baitin ya kuɓuce mata, sai ya roƙe ta ta adana muryar sai an gama haɗawa. Haka za ta zauna har gyangyaɗi ya kwashe ta. Malam ya gaji, idonsa ya yi ja, wuyansa ya sage, abinci ma sai ya huce a gabansa. Abin haushin, garin gyaran nan nasa har sautin kwamfutar ya ɗauke gaba ɗaya.

Likita ya sallami gwaggo, ga damina ta kawo jiki, in ruwa ya sauka hanyar ƙauyensu ba ta biyuwa. Jikokinta suka aiko da mota. Da za ta shiga ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Ba komai, Allah bai nufa ba. Ni dai ƙafata ta gama zuwa birni." Bayan tafiyarta ba da daɗewa ba aka aiko cewa ciwo ya kwantar da ita, harshenta ya yi nauyi, ko sunan 'ya'yanta ba ta iya kira.

Da abokin ya dawo daga hutu, ya duba ɓarnar. Ya share tarkacen da malam ya tara, sannan ya danna wata 'yar alama da ke gefen allo tun ranar farko. Ashe rumbu ne da masu tsarin suka tanada, manhajoji cike a ciki, an tantance su, kowace tana zuwa da duk abin da take bukata. Ya rubuta sunan manhajar ɗaukar murya, ya sa malam ya buga kalmar sirri. Kafin shayinsu ya huce manhaja ta zauna, makirufo ya kama aiki, ko tari aka yi a tsakar gida sai ya ɗauka tsaf. Malam ya zuba wa allon ido, sannan ya juya ya dubi bakin ƙofa inda gwaggo takan zauna.

Ka ji abin da Hausawa ke nufi da suka ce, rashin sani, kaza ta kwana kan dami.